Da Sauƙin Baba Gado

A ƙauyenmu na bakin Bahar, wato kogin Nilu, can gefen Abu Hujar a ƙasar Sudan, ba a cewa ciwo ya yi tsanani. Ko mutum yana kan gargara, in an tambayi mutanen gidan ya jiki, amsar ɗaya ce: da sauƙi. Kakanninmu da suka taso daga yamma sun yar da kaya da yawa a hanya, amma wannan kalma da ita suka iso. Mai tambaya ya san ma'anarta, mai amsa ya sani, shi ya sa ba ta taɓa cutar da kowa ba. Sai a kan Mu'minat.

Mu'minat ɗiyar Baba Gado ce, mai kamun kifi, mai noman kuɓewa da tumatir a gaɓar kogi in ruwa ya janye. Ita ce ta biyu, tana bin Alamin. Tun tana ƙarama an san ta da hannu. In akuya ta kasa haihuwa ita ake kira, saboda hannunta siriri ne kuma ba ya rawa. Goggo Dije, yayar babanta, wadda ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, tana jan ta ɗakin masu naƙuda ta riƙe fitila, har ta kai ana bar mata yankan cibi. Goggo takan ce, "Ni da ido na koya. Ke ki tahi ki koyo da takarda, ki zo ki hi ni."

Ta gama sakandare, ta ci jarrabawa da kyau. A daminar shekarar uwarta ta rasu. Kafin a share makoki da kyau, aka tsinto Baba Gado kwance tsakanin kunyoyin kuɓewa, baki a karkace, ɓarin dama ya mutu. Alamin ya zauna har aka dawo da tsohon daga asibiti, sannan ya ce zai tafi arewa wurin haƙar zinari, don zaman mutum biyu a kan majinyaci ɗaya asara ce. Ya tafi. Gaisuwarsa tana zuwa akai-akai. Sauran abin kuwa sai an ci sa'a.

Haka Mu'minat ta shiga jinya. Ta koyi ɗaga ƙato kamar babanta ba tare da ta karya ƙugunta ba. Ta koyi juya shi a kan angarib, gadon igiyar da ya zama duniyarsa, ta koyi dama kunu yadda ba zai shaƙe shi ba. Masu neman aure sun zo. Wani ya ce ta bar tsohon wurin Goggo, wani ya ce zai jira, ya jira har ya yi 'ya'ya uku a wani gidan. Ƙawayenta suka zama iyaye. Ita kuwa tsakanin randa, igiyar shanya da angarib ta cika shekara talatin.

Abin da ya fi ba ta tsoro gyambon kwanciya ne. Ya buɗe a ƙashin ƙugun tsohon, ya ƙi rufewa, ga kuɗi sun lalace a ƙasar, maganin da ka saya yau gobe ya ninka. Ana cikin haka wata munazzama, irin ƙungiyoyin agajin nan, ta shigo yankin da wani shiri na masu jinya a gida. Duk wata sai a ba mai jinya dawa da mai da sabulu, da ƙwayoyin hawan jini na majinyaci, da man shafawa da auduga. Mu'minat ta shiga ciki. Kafin kaka gyambon ya kame, ya bar tabo kamar tafin hannun jariri. A karon farko tun rasuwar uwarta ta samu sararin tuna cewa ta taɓa son wani abu.

Goggo Dije ce ta zuga ta. "Makarantar ungozomomi ta garin Sinja na ɗibar mata. Ni in zauna da ƙanena da hantsi. In ya dame ni in tuna mishi ni na goye shi."

Aka ɗauke ta. Kuma da yake marar galihu ce, aka sa ta cikin masu samun kafala, tallafin ɗalibai. Ba wani abin kirki ba ne, kuɗin mota ne zuwa da dawowa, da ɗan wake da burodi na karin kumallo, da littafi. Amma ba don shi ba, ko tashar Abu Hujar ba za ta wuce ba. Da asuba ta wanke tsohon, ta juya shi, ta ba shi kunu da ƙwaya, ta miƙa shi ga Goggo. Da la'asar ta dawo, ko tufafin makaranta ba ta cire ba, ta sake juya shi.

Baba Gado ya daina kiran sunanta. Da karkataccen bakinsa ya raɗa mata Daktora.

"Baba, ungozoma ce fa, ba daktora ba."

"Mai hwarin kaya duk daktora ne. Daktora, zo ki kore min ƙudan ga, shi ma a ba shi allura."

Duk wanda ya leƙo dubiya sai ya sha labarin. Ta haka zancen ya kai kunnen munazzama. Babu wanda ya kai ƙara, kuma Mu'minat ba ta ɓoye ba, don ba ta san abin ɓoyewa ba ne. Ashe a ƙa'idarsu mai jinya sai wanda ba shi da wani aiki sai jinyar. Ɗalibi kuwa, musamman mai kafala, a wurinsu an riga an ɗauki nauyinsa, kuma wanda yake aji ba ya gefen gado. Taura biyu ba ta taunuwa. Sai dai an bar 'yar kafa: in jikin majinyacin ya yi nauyi ƙwarai, kuma aka ga ɗalibar ce dai ke ɗauke da shi, ana iya ɗaga ƙafa. Za a turo ma'aikaciya ta gani da idonta.

Baƙuwa za ta zo, sai Mu'minat ta yi abin da aka koya mata a yi wa baƙo. Ta share ɗaki ta yayyafa ruwa. Ta kwashe tsummokara da kwanon fitsari ta kai bayan gida. Ta turara ɗakin har warin jinya na shekaru ya ɓuya. Ta aske wa tsohon gemu, ta sa masa farar jallabiyarsa ta Idi, ta naɗa masa rawani, ita da Goggo suka tokare shi da matasai har ya zauna kamar mai jiran a kawo masa shari'a. Mataccen hannun ta lulluɓe shi da mayafi, don ba ya son a kalla.

Ma'aikaciyar, Ustaza Nawal, 'yar birnin Madani ce, ta zo da wani abokin aikinta da ba ya jin ko zo na Hausa. Ita kuwa kakarta Bahausa ce, ta tsinci 'yan kalmomi a bakinta, kuma tana jin daɗin fito da su. Ta durƙusa gaban angarib.

"Baba, ina wuni. Ya jiki?"

Fuskar tsohon ta washe. "A'a! Ɗiyar gida ce ashe. Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Sauƙi sosai?"

"Sauƙi kam ya samu. Mun gode Allah."

Ta juya ta faɗa wa abokin aikinta da Larabci cewa ya ce ya samu lafiya. Mu'minat tana bakin ƙofa da farantin gahawa a hannu. Ta ji, ta kuma gane, amma ɗiya ba ta katse ubanta gaban baƙi ta ce ƙarya yake yi.

"To Baba, in Mu'minat ta tafi makaranta, wa ke taimakonka?"

"Ni? Mi ni ka buƙata? Ga yayata nan muna hira. Daktora karatunta take, ba ni tare mata hanya. Gwamnati ma ta san da ita, ita ka ba ta na mota."

Goggo Dije ta gyaɗa kai, tana alfahari. Baƙin suka sha gahawa, suka yaba tsabtar ɗakin.

Sai a bakin mota Mu'minat ta cim ma Nawal.

"Ustaza, don Allah. Da sauƙin nan ba sauƙi ba ne. Mu haka muke cewa. Ko juyawa ba ya iya yi. Ki dawo in ɗaga mayafin ki gani."

"Ai na san kalmar," in ji Nawal da murmushi. "Kakata kullum ita take faɗa."

"Yaushe kika ji ta faɗa na ƙarshe?"

Nawal ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Ana gobe za ta rasu."

Abokin aikin ya riga ya shiga mota, direba yana danna ƙaho, akwai sauran ƙauyuka a gaba. Nawal ta riƙe hannun Mu'minat ta ce za ta yi magana, wallahi za ta yi. Wataƙila ta yi. Amma su biyu suka ga dattijo zaune da rawani, ita da bakinta ta fassara cewa ya samu lafiya, kuma masu yanke hukunci suna can wani gari, ba su da kaka Bahausa. Da wata ya kama, aka raba kaya, babu na gidan Gado. Aka ce in tana so a mayar da ita, ta kawo shaidar ta bar makaranta.

Ba ta bari nan da nan ba. Ta ce za ta raba kafalar biyu. Ta daina karin kumallo. Ta riƙa sauka a Abu Hujar tana ƙarasawa gida da ƙafa, abin da ya ragu ta sayi ƙwaya. Ƙwayar wata ɗaya ta fi ƙarfin kafalar gaba ɗaya, sai ta koma ba shi rabi-rabi, tana sane da abin da aka koya mata a aji game da masu yin haka. Man shafawa ya ƙare, ta koma man gyaɗa. Da yake da ƙafa take ƙarasowa, sai gab da magariba take isa, tsohon ya yini a gefe ɗaya, don Goggo mai shekara kusan tamanin hira take iyawa, ba juyi ba.

Ta kira Alamin. Ya ce ramin da suke haƙa bai ba da komai ba tukuna. "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Karatun nan ba gudu zai yi ba. Baba fa ɗaya ne."

"Ai na san ɗaya ne, Yaya. Ni nake ɗaga shi."

Layin ya yanke, ko kuma an yanke shi.

Wata ranar Alhamis ta dawo daga asibitin koyarwa da farin ciki, don ranar ce malamarsu ta bar ta ta karɓi haihuwa ita kaɗai, ta kuma ce a gaban kowa hannun nan ba na ɗaliba ba ne. Ta shiga ɗaki tana ba da labari, ta juya tsohon. Zanen ya manne. Da ta ɓanɓare shi a hankali, tabon nan mai kamar tafin jariri ya buɗe, ya yi zurfi, kuma wari ya gaya mata ba yau ya fara ba.

"Baba, tun yaushe kake jin zafi a nan?"

"Da sauƙi, Daktora."

Ranar Lahadi ta je Sinja ta ajiye karatun. Malamar ta roƙe ta, saura 'yan watanni a yaye su. Mu'minat ta ce ta sani. Kafala ta tsaya a ranar, don ita ba ta da jinkiri. Ta ɗauki shaidar ta kai ofishin munazzama. Wani ma'aikaci mai ladabi ya ce mata malesh, wato ta yi haƙuri, gurbinta an ba wata mai jinyar, masu jira suna da yawa, ta saurari zagaye na gaba. Ta tambayi Ustaza Nawal, aka ce an mayar da ita wani yanki. Zagaye na gaba bai zo ba. Shirin ya ƙare, suka naɗe tabarmarsu. Da ta koma makaranta ta tambaya ko za a karɓe ta, aka ce sai sabuwar ɗiba, daga farko, kuma wanda ya ajiye kafala da kansa ba lallai ya sake samu ba.

Ta koma gaɓar kogi, gonar babanta, tana shuka kuɓewa tana sayarwa, tsakanin juyi da juyi. Gyambon bai rufe ba, bai kuma kashe shi ba. Farar rigar makarantar ta yayyanka ta, don ta fi kowane tsumma a gidan tsabta, da ita take ɗaure ciwon.

Ga tsohon kuwa cewa ta yi an ba su hutu. Bai musa ba. Hutu ya wuce Ramadan, ya wuce babbar salla. Wata 'yar ajinsu daga ƙauyen gaba ta zo da farin kaya da akwatin ƙarfe ta karɓi haihuwa a gidan maƙwabta, guɗar ta tsallako katanga har kan angarib. Mu'minat tana durƙushe tana wanke gyambon. Baba Gado ya daɗe yana kallon farin ƙyallen da ke hannunta, wanda har yanzu da maɓalli ɗaya a jikinsa.

"Daktora."

"Na'am, Baba."

"Ya hutun?"

Ta matse ƙyallen a cikin kwano. Ba ta ɗago ba.

"Da sauƙi, Baba."

Shi ba ɗan Madani ba ne, ya san ma'anar kalmar. Ya so ya juya fuskarsa bango, wuyan ya tafi, jikin ya ƙi bi. Ita ce ta tashi, ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya a ƙugu, ta juya shi, don ya yi kukansa ba tare da ta gani ba.