Na sunkuyar da kai, suka ɗauki wani

Tun shekarar da na gama sakandare nake riƙe da tambaya ɗaya, sai jiya Juma'a na samu amsarta a ƙofar masallaci a Karmo.

Wani ya dafa kafaɗata. Ashe Sani ne, ɗan ajinmu, yanzu babban likita. Tare aka kira mu ganawa da malamai a wata babbar jami'a, muna neman gurbin karatun likita. Na fi shi maki a kowane darasi, amma shi aka ɗauka.

Bayan gaisuwa na ce, "Likita, tsakaninka da Allah, wa ya tsaya maka?"

Ya yi dariya. "Malam Idi, ba kowa. Daga baya wani cikin malaman ya ba ni labarinka. Wai ka cire takalmi a ƙofa, ka durƙusa ka gaishe su, har ka fita ba ka ɗaga ido ba. Sai suka ce yaron nan ba zai iya fuskantar marar lafiya ba."

Haka mahaifina ya koya mini, ba a zuba wa babba ido. Ba wanda ya gaya mana cewa a ɗakin nan ladabi laifi ne.

Ku masu cewa maki kaɗai bai isa ba, ku faɗa mini, wa ke koya wa ɗan talaka sauran?

Sani ya shiga motarsa. Ni na koma kemis ɗin da nake yi wa wani tsaro. Ban zama likita ba.