Kwalbar Yashin da Ta Kai Ni Kurkuku

Samari, kafin in zama abin nuni, ni direba ne a garin Gaithersburg a nan ƙasar Turawa, kuma sarkin barkwanci. Duk gidan sunan da ban je ba, ko jaririn sai ya tambaya. Wanda ya sauke ni a ƙasar nan shi ne Hamidu, wani direba ɗan Damagaram. Kun san wasan Kanawa da Damagarawa. Bai taɓa kiran sunana ba, kullum sai "Bakano sarkin ƙarya".

Wata rana wani fasinja ya ba ni labarin wani ɗan ƙaramin kamfani mai tatsar mai daga yashi. Hannun jarinsa ko kuɗin cingam bai kai ba. Ya ce in saya da arha, in zuga mutanena su saya, in farashi ya hau mu sayar mu zame. Na ce a raina ai baki kawai zan sa.

Na ɗebi yashi a filin wasan unguwarmu, na kwaɓa da baƙin man motata, na ɗura a kwalba. A wani taron suna a garin Clinton na ɗaga ta a matsayin yashin kamfanin, na ce, "Jama'a, ku shinshina arziki! A wurin nan ko kaza ta yi tono sai ta cika tanka." Aka yi dariya, aka kuma saya. Likitoci, injiniyoyi, har da masu gemu. Kullum ina aika saƙon murya a zauren wayarmu, farashi yana ta hawa.

Hamidu ya sayar da motarsa ya zuba kuɗin. Ranar da aka ce mu zame, ya kira ni.

"Bakano, gabana faɗuwa yake. In sayar?"

"Haba Badamagare, matsoraci! Riƙe."

"Ka rantse?"

Na rantse. A lokacin nan yatsana yana kan waya, ina sayar da nawa.

Kafin la'asar farashi ya rikito kamar guga a rijiya. Bayan watanni jami'an bincike suka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na ce wa lauyana ya kwantar da hankali, duk maganata da Hausa na yi, wa zai ji? A kotu sai ga wani dattijo, malamin jami'a daga College Park, an kawo shi tafinta. Bai bar komai ba, har kazar nan ya fassara. Alƙali bai ko murmusa ba. Hamidu yana bencin baya, kansa a ƙasa.

Na yi zaman da aka yanka mini. A can na gane dare ɗaya ya fi shekarar Kano tsawo.

Da na fito, gidansa na fara zuwa. Motar wani yake ja yanzu. Na durƙusa na nemi gafara, ina jiran ya zage ni, ko ya ce sarkin ƙarya, in samu sauƙi. Ya ce, "Na yafe, Malam. Allah ya kiyaye gaba." Ya miƙo mini kwalbar nan, ashe ya adana ta.

Malam. Har yau haka yake kira na.

Samari, in mai ba ku dariya ya ce ku zuba jari, ku tambaye shi me zai samu. In kuma ku aka ba bakin, kada ku sayar da shi. Kurkuku yana da ranar fita. Ni har yau jira nake wani Badamagare ya zage ni.