Ciyawa a Ƙarƙashin Lilo

Ba sunan da aka raɗa masa ke nan ba, amma tun yana da baƙin gashi ake kiransa Mai Lilo. Matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Shi ne mai kula da lambun shaƙatawa na tsohuwar unguwa: shara, ban ruwa, buɗe ƙofa da rufewa, sai kuma lilo huɗu na ƙarfe a gindin bishiyoyi, waɗanda ya fi ji da su.

A da, in an taso daga makaranta, da sanda yake tsayawa, ba don duka ba, don gyara layi. Yara kamar an tone gidan tururuwa. Ƙafafunsu sun haƙa ɗan kwari a ƙarƙashin kowane lilo, ƙasar ta yi sumul kamar an daɓe ta. Ɗansa ma a nan ya bar haƙori ɗaya.

To, yaro ba ya tabbata yaro. Suka girma, suka yi aure, cikin gari ya yi musu kaɗan, aka yanka filaye can bayan gari, suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Gidajen da suka bari wasu suka koma shaguna, wasu ɗakunan ajiyar kaya. Makarantar ta haɗe azuzuwa, daga baya ta rufe. Abin da ya rage wa lambun sai tsofaffi a kan benci, suna jinyar gwiwa.

Wata damina ya ga ciyawa ta tsiro a kwarin nan. Bai ce wa kowa komai ba. Ya san mutanen ofis, ba mutum suke tambaya ba, ƙasa suke dubawa. Inda suka ga ciyawa a ƙarƙashin lilo sai su ce wurin ya mutu. Shi kuwa ɗansa ya yi alkawarin kawo masa jikoki in an yi hutu, kuma ban da lilon nan ba shi da abin da zai ja su. Gidansa ɗaki biyu ne, ba wurin guje-guje.

Daga nan ya samu sabon aiki. Kullum da safe sai ya tuge ciyawar, ya ɗiga baƙin mai a ƙugiyoyi da notuna, sannan ya zauna a kan kowane lilo yana jan ƙafa a ƙasa, gaba da baya, don kada kwarin ya cike.

Wani tsohon direba da ba ya fashin benci ya ce, “Mai Lilo, a zo a tura ka ne? Ko in kira maka mamanka?”

“Kai dai ji da gwiwarka, direban da mota ta sallama.”

“An ce tsufa yarinta ce, amma ban zaci har da kayan wasa ba.”

A gida ma bai tsira ba. Matarsa ta ɗaga wandonsa ta ce, “Dubi baƙin mai. Wa kake yi wa kwalliyar nan? Hutu nawa aka yi ba ka ga jikokin ba?”

“Hanyar ce da nisa.”

“Nisan bai hana ɗan naka zuwa kwashe kujerun ɗakinsa ba.”

Washegari ya koma jan ƙafa.

Ana nan sai ga wata jami'a daga ofishin kula da lambuna, yarinya ce sa'ar ɗansa. Ta kama sarƙa ta girgiza, ta tura lilo ɗaya, ya tafi ya dawo ko ƙara babu.

Ta ce, “Baba, sannu da ƙoƙari. Duk inda na zaga tsatsa ta cinye lilon. Naka kuwa kamar jiya aka kafa.”

Ya ji daɗi har ya gyara tsayuwa. Ya nuna mata ƙasa da haɓa. “Ai yara suna zuwa.”

Ta dubi kwarin, ta dubi dugadugan takalminsa da suka cinye, ta kau da kai.

“Baba, a unguwar nan na tashi. Ka sha korata ƙarshen layi. Na san waɗanda suka rage. A sabuwar unguwa yara sun yi wa lilo ɗaya yawa, shekaranjiya har an fasa wa wata goshi. Na sauran lambuna ba sa kwantuwa, notin ya kama, za a bar su inda suke. Naka za mu ɗauka.”

Da motar kwashe lilon ta zo, ma'aikatan ba su ko yi gumi ba. Ɗayansu yana murza sifana yana cewa, “Kai, Allah ya yi wa mai wurin nan albarka, noti ko gardama ba ya yi.” Mai Lilo ne ya riƙe musu tsani.

Aka kafa benci biyu masu hannu a wurin, irin waɗanda tsoho zai dafa ya tashi. Ranar direba bai yi tsiya ba, sai ya matsa gefe ya buga katakon da tafin hannu. Mai Lilo ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da shara.

Ana gab da hutu ɗansa ya bugo waya.

“Baba, albishirinka! An kawo mana lilo huɗu a unguwa, masu kyau, irin na wajenka. Jikokinka ba sa shigowa gida sai an koro su. Hutun nan ma sun ce ba inda za su.”

“Madalla,” in ji shi. Can ya ce, “A riƙa ɗiga musu mai a sama, wajen ƙugiya.”

“Haba Baba, wa zai tsaya wannan? Ai akwai ma'aikata.”

Da ya ajiye wayar, matarsa ta leƙo daga kicin, hannunta da kumfa.

“Me ya ce? Suna tafe?”

“Ya ce a gaishe ki.”