Tsatsar da Muka Shafa wa Ƙaramin Layin Dogo

Har yau ban manta da safiyar bikin yaye sababbin ma'aikata ba. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina mai fenti a wakshop na reluwe a Kafanchan.

An ce a ƙera ƙaramin samfurin tasharmu a kan tebur, don koya wa sababbi yadda ake juya layi. Mista Okoro aka ba aikin. Makaniken injuna ne, ya dawo bayan yaƙin basasa aka ajiye shi ƙasa da matsayinsa na da, yana fatan wannan aiki ya mayar da shi. Shi ya shimfiɗa layukan ya ja waya, don ƙaramin jirgin ta ƙarfen layi yake shan wuta. Ni kuma aka bar mini fenti.

"Bitrus, kar ka yi shi sabo," in ji shi. "Yi shi kamar wanda yake waje."

Na kankaro tsatsa a jikin tsoffin taragu, na niƙa jar ƙasa, na kwaɓa da fenti, na bi gefen ƙarfen da gashin kaza. Katakan ƙarƙashi na shafa musu baƙin mai da garin kwal, na ƙara duhu a inda injuna ke tsayawa shan ruwa. Saman ƙarfen kuwa sai na goge da kananzir tun fenti bai bushe ba, domin in ya rufu wuta ba ta wucewa. Wani direba da ya leƙo har ya nuna lungun da yake zama cin doyarsa.

Ana gobe biki sai sabon sufetonmu ya shigo, ya yamutsa fuska.

"Wannan dattin za mu nuna wa baƙi daga Kaduna? A yi masa fenti ruwan azurfa."

"Sa, in fenti ya hau sama, jirgi ba zai tafi ba," in ji Okoro.

"Na tambaye ka?"

A lokacin, mutum irin Okoro ba ya maimaita magana. Sufeto ya tura mu kafa rumfa, ya miƙa wa leburori burushi, suka shafe har saman ƙarfen.

Washegari fasto ya yi addu'a, babban baƙo ya danna maɓalli. Jirgin ko motsi. Ya sake dannawa. Sai sufeto ya yi dariya, ya nuna Okoro, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san hannun tsofaffi." Aka fashe da dariya. Matar Okoro tana zaune a layin gaba da zanenta na zuwa coci. Shi kuwa yana tsaye, hannuwansa a baya, yana kallon ƙasa.

Aka ba shi kweri, wato takardar tuhuma. Na je ofis na yi bayani, aka ce in tsaya a kan fentina. Kafin Kirsimeti an tura shi wata ƙaramar tasha cikin daji, a can ya yi ritaya da matsayin da yake. Ni aka sa na kankare azurfar da reza. Jirgin ya zaga tebur lafiya lau, a ɗakin da babu kowa sai ni.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji. Fenti yana iya nuna abu yadda yake, yana kuma iya rufe shi, kuma na biyun manya suka fi nema. In ya ɓaci, ba wanda ya ba da oda ake tambaya ba. Wanda ba shi da bakin ramawa ake nema, kuma a wurin aiki ba a taɓa rasa shi.