Na Rantse a Kan Hoton da Ya Makara

Shekarun baya ina da ɗan shago a kasuwar Gadarif, ina gyaran waya, ina tura wa mutane bidiyo. Ina ji da kaina a lokacin, don a layinmu ni kaɗai ke da kwamfuta, duk da ta tsufa har tana nishi. In bidiyo ya yi mata nauyi, manhajar kallo takan zubar da hotunan da suka makara don sauran su kamo murya. Mata masu kallon bidiyon biki suka ishe ni da mita, wai ana tsallake musu lallen amarya, sai na kashe wannan tsarin. Na san tun daga ranar hoto ke jan ƙafa a bayan murya, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Wata rana da kaka, wani manomi daga Doka ya shigo da 'ya'yansa uku, fuska a murtuke. An ƙone masa tarin dawa a gona. Kafin gobarar an yi zaman sulhu kan shanun da suka yi masa ɓarna, wani ya ɗauka da waya, suna so su gani a babban allo. Na kwafe bidiyon a kwamfuta na kunna. Can tsakiya muka ji wata murya ta ce bana dawar nan ba za ta shiga buhu ba. Fuskar da ke allon ta aminin mahaifina ce, dattijon da nake kira Baffa, ga bakinsa yana motsi. Manomin ya tambaye ni ko na'ura tana ƙarya. Na rantse masa ba ta yi. Suka fita ko sallama babu, babban ɗan yana kiran 'yan uwa a waya.

Bayan tafiyarsu na sake kunnawa. Sai na ji ƙarar ajiye kofin shayi, amma hannun mai ajiyewa bai sauka ba sai da na ƙirga biyar. Na mayar da tsarin na sake kallo. Ashe lokacin da aka yi maganar, wayar ta riga ta bar kan Baffa, ƙasa take kallo. Na yi ta kiransa, waya ba ta shiga. Na rufe shago na hau motar Doka, duk hanya ina roƙon Allah in same shi da rai.

Na tarar da shi zaune a ƙofar gidan umda, shugaban garin, hannu a karye, jallabiya duk jini. Na faɗi laifina a gaban jama'a, har da manomin. Manomin ya sunkuyar da kai. Baffa bai zage ni ba. Tambayata kawai ya yi a hankali, ko duk shekarun nan ban san muryarsa ba.

Na san ta sarai, idona na bi na bar kunnena. Har gobe in aka miƙo mini waya don in ba da shaida, gabana faɗuwa yake. Masu sana'a irin tawa, kada girman kai ya hana ku cewa ba ku tabbata ba. Baffa ya yafe mini, amma har yau hannun nan ba ya ɗaga buta.