Albasar Kwaɗin da Ba Ta da Shekara

A gidanmu na Belbeji, gindin randa ne kaɗai wurin da ƙasa ba ta bushewa, nan Inna ta shuka albasar kwaɗi. Ba a cin ta, awaki ma ba sa kula ta. Farin furen da take yi in ruwan farko ya sauka shi ne duk amfaninta, amma Inna ta fi ji da ita a kan kajinta.

Kowace albasa da shekararta. Akwai ta shekarar fara, akwai ta shekarar da aka haƙa rijiyar unguwa, akwai ta shekarar da na yi ƙyanda. A nan suke rigima da Baba. Shi daga ranar da aka kawo ta gida yake ƙirga mata shekara, ita kuwa Inna sai ranar da ta fara fure.

"Malam, abin da bai buɗe ido ba ai bai iso ba," in ji Inna.

"To ni da na kawo ta a aljihuna fa?"

"Kai dako ka yi."

Mu dai dariya muke, don Baba bai taɓa cin wannan gardamar ba.

Ta ƙarshe yayana ne ya tono ta a kwarin Tarka, gab da zai hau motar Libiya neman aiki. Baba ya ce wannan ta shekarar tafiya ce. Inna ta ce a'a, a bari ta yi fure, ta shekarar dawowa za a kira ta. Da farko yayana yana kiran waya, daga baya muka daina jin sa.

Damina ta bi damina, sauran suna fure, ita sai ganye. Na zaci ƙasarmu ce ba ta karɓe ta ba. Wata safiya ina alwala na ga Inna ta duƙa, ta sa farce ta tsinke kan furen da ya fara kumburowa, ta tura shi cikin ƙasa. Muka haɗa ido. Tausayinta ya hana ni cin abinci ranar.

Inna ta rasu, Baba ya bi ta. Wallahi ina kewar gardamar nan tasu. Yanzu gidan yana hannuna, randar tana nan inda take, yayana kuma har yau babu labari. Bana ruwan farko ya sauka da ƙarfi, albasarsa ta fito da kai. Na daɗe a tsugune a gabanta, sannan na sa farce.