Ƙunshin Daddawar Habu

Kakarmu Inna Dije ba ta fara tatsuniya sai an sauke tuwo, garwashi ya kwanta a murhu. Mu jikoki mu kewaye ta a tsakar gidanmu na Zandam, ta ce, "To, ga ta nan ta iso. Mai gyangyaɗi shi ya so."

Ta shamuwa ta fi yi, har mun haddace. Wai shamuwa ta ajiye ɗanta a kan wata kuka can gabas, ta ce za ta komo da damina, sai iska ta karya mata fiffike. Ta zauna a bakin hanya, duk tsuntsun da ya nufi gabas ta ba shi saƙo. Hankaka ya cinye nasa a hanya. Kurciya ta kai, ta dawo ta ce, "Ɗanki ya yi gashi." A nan muke tafi.

Ashe labarin kanta take ba mu. A zamanin Turawa ita da mijinta na fari suka kama hanyar Makka a ƙasa. Shekara uku suna tafe suna ƙodago, har wani ƙauyen manoma auduga a Sudan. Nan mijin ya rasu. Ƙaninsa da suke tafiyar tare ya riƙe ɗansu Habu, wai ɗa na dangin uba ne, ita kuwa aka haɗa ta da masu komowa gida. Tun daga nan duk wanda ya yi niyyar Makka a ƙasarmu ta Gwaram sai ta ba shi ƙunshin daddawa ya kai wa Habu, don hanya ta ƙauyen take bi. Bayan shekaru wani ya dawo ya ce ya gan shi, har ya yi aure.

Sai kuɗin man fetur ya zo, tafiyar ƙasa ta mutu. Shekarar da maƙwabcinmu Malam Sule zai tafi ta jirgi, Inna ta kai masa ƙunshinta, ta kwatanta masa ƙauyen dalla-dalla. Ya ji nauyinta, ya karɓa.

Da ya dawo ya zo ya durƙusa, ya ajiye ƙunshin a gabanta, ɗaurin da ta yi yana nan.

"Inna, jirgi ba ya yada zango. Daga Kano sai Jidda, ko awa biyar ba mu cika ba."

"Awa biyar? Tafiyar da ta ci mini miji? To, ko leƙawa ba ka yi ba, Alhaji?"

"Na leƙa, Inna. Gajimare kawai."

Ran nan ta ƙara mikiya a tatsuniyar. Mikiya ta karɓi saƙo, ta lula sama, tsabar nisa ba ta ga kukar ba. Muka ce, "Sai kuma me, Inna?" Ta ce, "Sai me kuwa? Ta ƙare. Ku tashi." Har ta bar duniya ba ta sake jin ɗuriyar Habu ba.

Ni ma na yi wannan tafiya da girmana. Kowa a jirgi yana ta gode wa Allah da sauƙin zamani, ni kuwa wallahi haushi ne ya cika ni. Da aka ce muna kan Sudan na manna goshi a taga. Ko kawuna Habu ko kabarinsa yana ƙasan nan. Kafin shayin da aka miƙo mini ya huce, mun wuce shi.